Ramar Na'Allah

Na'Allah ya cire takalmansa ya hau sikelin, hannunsa ɗaya na riƙe da ƙugun wando don kada ya zame. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Bai duba ba. Ya kafa ido a bangon ɗakin pansama, inda ake wanke wa masu rauni ciwo a ɗaure musu, ya bar wa yarinyar karatun lambar.

Ramla ta sunkuya ta duba, ta ce ya sauka ya sake hawa. Ya sake. Ta ɗan jima a sunkuye kafin ta miƙe.

"Kawu, ka ƙara raguwa."

"To."

"Har ya hi na wancan zuwan."

"Na ji, ɗiyata."

Ramla ɗiyar Malam Sharfaddeen ce, malamin lakwal, wato makarantar boko, na unguwarsu. Tun tana 'yar lise, wato sakandare, a Maraɗi Na'Allah ke ɗaukarta a motarsa, yana ajiye mata kujerar gaba saboda amai take yi idan ta zauna baya. Yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma ba za a ba ta takardar gamawa ba sai ta rubuta abin da suke kira memwar, wato bincike na ƙashin kanta. Nata a kan masu ƙunar wuta ne: yadda jiki ke kasancewa bayan an sallami mutum daga asibiti. Tana bin wasu a Maraɗi, tana bin wasu a nan Dakoro. Duk bayan sati biyu takan zo da sikelinta a jakar goyo, ta auna nauyi, ta zagaya damtse da zaren awo, ta duba zafin jiki da bugun zuciya. Ranar farko ta karanta masa wata takarda, ta ce idan bai so shiga ba babu dole. Ya ce ɗiyar Malam ba za ta roƙe shi abu ya hana ta ba.

Wajen wata biyar ke nan da abin ya same shi. A tasha ne, da safe, fasinja sun riga sun cika motar. Yana zuba wa motar esansi, wato fetur, daga bido, irin jarkar nan, sai iska ta kwaso tartsatsi daga murhun mai shayi. Bakin bidon ya kama. Da ya yar da shi nan take, da motar ta ci wuta da mutanen cikinta, don haka ya juya ya yi nesa da shi kafin ya saki. A ɗan wannan tsakanin rigarsa ta kama. Wutar ta cinye ƙirji da ciki da hannu biyu da gefen wuya kafin a kayar da shi a tula masa rairayi. Ya yi wata biyu a kwance a Maraɗi. Da ya dawo, gari ya yi ta zuwa barka, kowa na cewa Allah ya yi da sauran kwana.

Bayan nan ne ramar ta fara. Ciwon yana rufewa, fata sabuwa tana fitowa ja-ja-ja, amma mutumin da ke cikinta yana narkewa. Damtsen da ke ɗaga tayar mota ya koma kamar kara. Jikinsa kullum da ɗumi, zuciyarsa na bugawa kamar wanda ya yi gudu ko da yana zaune. Na'Allah ya san inda ya taɓa ganin irin wannan. Kafin ya yi aure ya shekara goma sha yana tuƙa babbar mota, Arlit, Kwatano, Legas, kuma ya yi zaman hanya irin na masu hanya. Abokin tafiyarsa Maraya haka ya ƙare: rama, zafin jiki, mutane na gaishe shi daga bakin ƙofa.

Kuma ba shi kaɗai ya tuna ba. Ranar da ya je tasha don ya zauna da abokai, mai shayi ya haɗa masa ya ƙi karɓar komai, amma da ya tashi tafiya ya ga an ware kofin an kife shi can gefe.

Tun daga ranar ya kwashe tabarmarsa daga ɗakin matarsa Hamdiya ya koma ɗakin zaure, ya ce ciwon iska yake so. Tana da ciki, na uku, wanda ya shiga kafin gobarar. Ya daina sa hannu a kwanon da ita ko yara za su taɓa. Inna, mahaifiyarsa, ita ta karɓi abincinsa, ta hana mai da gyaɗa da ƙwai da nono, ta ce su ke sa ciwo ya yi ruwa. Kunu take dama masa a wani kofi nasa na daban. Hakan ya yi masa daidai.

Jiya kuma saƙo ya zo daga Kornaka. Jimrau, yayan Hamdiya, zai zo yau bayan azahar ya tafi da ita, wai ta huta ta haihu a gida. Kowa ya san ba a zuwa gida goyon ciki a haihuwa ta uku. Na'Allah ya riga ya yanke shawara: zai bar ta ta tafi, idan ta sauka lafiya ya aika mata da takardarta.

Manjo Cindo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya zaunar da shi a kan gado ya fara warware bandejin. Wuri biyu kawai suka rage a buɗe, ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a lanƙwasar gwiwar hannu.

"Waɗannan biyun sun ƙi mu," in ji Manjo. "Tun wata guda suna nan yadda suke. Kai direba, kana ci kuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Aka leƙo aka ce ana neman Manjo a wajen masu haihuwa, maɓallin ɗakin magani na wurinsa. Ya lulluɓe ciwon da auduga ya ce yana zuwa. Ramla ta jawo kujera ta zauna nesa kaɗan, ta ɗora takardar tambayoyinta a cinya.

"Barci fa, Kawu?"

"Ana yi."

"Ƙaiƙayi?"

"Akwai shi."

"Cin abinci?"

"Alhamdu lillahi."

Ta kai biro za ta yi alama, sai ta tsaya. Ta dubi damtsensa, ta dubi takardar.

"Kawu, bari in tambaya wani iri. Jiya, tun daga asuba har ka kwanta, mi da mi ya shiga bakinka?"

Ya yi tunani. "Kunu da sahe."

"Da mi?"

"Kunu dai."

"Da rana fa?"

"Sauran kunun. Da dare Inna ta kawo tuwo, na ɗan taɓa."

"Shekaranjiya?"

"Hakanan."

"Tun yaushe kake haka?"

"Tun da na dawo."

Ramla ta ajiye biron. Ta rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. Na'Allah ya ɗauka ta gano abin da yake ɓoyewa ne. Ya dubi ƙofa, babu kowa. Ya ji idan bai yi magana yanzu ba, ba zai sake samun wanda zai tambaya ba kafin azahar.

"Ɗiyata, akwai wani abokina," ya fara. "Shi ma direba ne. Jikinsa ya riƙa zahi, yana ramewa..." Ya tsaya. Yarinyar tana kallonsa, tana jira, kuma ya ga labarin abokin ba zai kai shi ko'ina ba. "Ke dai ki gaya mani gaskiya. Abin nan da kike aunawa duk zuwa, ba shi ba ne?"

"Shi wane, Kawu?"

"Ciwon da ba a kiran sunansa."

Ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe Na'Allah. Wannan yarinya ce da ya taɓa saya wa rake a Kornaka don ta daina kuka, ga shi yana yi mata maganar da ko ƙaninsa bai iya yi wa ba. Ya fara neman rigarsa da ido.

"Sida kake nuhi, ƙanjamau," ta ce, a hankali amma ba ta tauna kalmar ba. "Kawu, zauna. Ni ba likita ba ce tukuna, malaminmu ma ya ce aikina in auna in rubuta. Amma abin da na karanta kuma na gani da idona zan gaya maka."

Ya zauna.

"Idan wuta ta ci hwata mai yawa kamar taka, jiki ba ya sanin an kashe wutar. Sai ya tashi tsaye kamar ana yaƙi. Zuciya ta riƙa gudu, jiki ya riƙa zahi, dare da rana yana neman abin da zai gina sabuwar hwata da shi. In ya samu a kwano, ya ɗauka a kwano. In bai samu ba, sai ya ɗiba a damtse da cinya. Kuma ba ya dainawa don an sallame ka. Yakan yi watanni, wani har ya wuce shekara. A kan wannan nake rubutu."

"Kowa haka yake yi?"

"Wanda ƙunarsa ta yi yawa, i. Ba zan faɗi suna ba, amma cikin waɗanda nake bi akwai tsohuwa mai jikoki, man tuya ya zube mata. Akwai yaro wanda bai gama firamare ba. Dukansu sun rame, dukansu zuciya na gudu. Sai dai kai ka hi su saurin raguwa, na kasa gane dalili. Yanzu na gane. Jikinka na neman abincin mutum biyu, kana ba shi na jariri."

Na'Allah ya dubi damtsensa. Yana so ya yarda, kuma son da yake yi ya yarda ne ya sa ya ƙi sakin jiki.

Manjo ya dawo yana kaɗa maɓallai. Ramla ta roƙe shi ya miƙo hannu, ta nuna wa Na'Allah inda zai ɗora yatsu biyu a wuyan hannun. Ya ji bugun Manjo, a natse, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce ya taɓa nasa. Nasa na sauri har yana neman haɗuwa.

"Ga shi kuwa kana zaune tun ɗazu," ta ce.

Ya daɗe da yatsunsa a wurin. "Kamar mota a tsaye an danne totur," ya ce. "Ba ta zuwa ko'ina, mai na ƙarewa."

"Hakanan ne."

"Ke nan ba ni da wancan."

"Ban ce ba, Kawu." Ta dube shi kai tsaye. "Ban sani ba. Sikeli ba ya nuna shi, zaren awo ba ya nuna shi. Mutum na iya samun biyun a tare. Jini kaɗai ke faɗi."

Manjo ya dubi wannan ya dubi wancan, ya gane zancen ba tare da an maimaita masa ba. Ya ja kujera ya zauna.

"A Maraɗi ba su gwada ka ba?"

"Sun ɗibi jini ba adadi. Ban tambaya ba, ba su ce mani komai ba. Na ɗauka ɓoye mani suka yi."

"To ka je labo, ɗakin gwajin jini, ga shi can bayan bishiyar dogonyaro."

"Inda mata ke zaman jiran awo? Manjo, kahin in hito daga ƙohwar nan labari ya isa tasha."

"Gaskiyarka," in ji Manjo. Ya tashi ya buɗe wani kabad ya ɗauko ƙaramar leda. "Ina da abin gwajin a nan. Yatsa kawai zan soka. Amma sai in kai ka ce a yi. Kuma ko mi ya hito, akwai abin yi. Yanzu ba zamanin da ba ne, akwai magani, mutane na sha suna noma suna haihuwa."

Ramla ta tattara takardunta ta miƙe. "Wannan ba ya cikin bincikena," ta ce. "Ina waje." Ta ja ƙofar.

Na'Allah ya dubi yatsunsa. Biyu daga ciki sun ɗan lanƙwashe, ba su miƙewa sosai tun gobarar. Ya tuna Maraya bai taɓa yin gwaji ba, har ya mutu yana cewa shawara ce. Ya miƙa yatsan tsakiya.

Manjo ya soka, ya ɗiga jinin a kan ɗan farin abin, ya ƙara masa wani ruwa, ya ajiye a kan tebur ya ce sai an ɗan jira. Ya koma kan ciwon ƙirji yana wankewa. Kullum wannan wankin sai ya sa Na'Allah ya cije haƙori, amma yau bai ji shi ba. Yana jin kukan jariri daga can ciki, da wata mata tana faɗa da mai kabu-kabu a bakin ƙofar asibiti. Manjo ya yi ta ba shi labarin ragon da ya saya a kasuwa ya tarar gurgu ne. Ya gama ƙirji ya koma gwiwar hannu, ya naɗe, ya wanke hannu, sannan ya ɗauko abin ya kai shi wajen taga.

"Zo ka gani da idonka. Layi ɗaya, babu. Layi biyu, akwai. Nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"To babu."

"Ba ya kuskure?"

"Da jiya ko shekaranjiya ka ɗauko shi, yana iya ɓoyewa. Kai kuwa wata biyar kana hannunmu. Babu, direba. Yunwa ke cin ka."

Na'Allah ya koma ya zauna a bakin gadon. Ya yi zaton idan ya ji wannan magana zai yi kuka ko ya faɗi ya yi sujada. Abin da ya zo masa kunya ce, da wata irin gajiya. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, sannan ya sa rigarsa a hankali don kada ta goge bandejin.

Da Ramla ta shigo ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ce kawai, "Ɗiyata, mi zan ci?"

Ta dubi Manjo. Manjo ya ce ta faɗa, idan ta yi kuskure zai gyara.

"Duk abin da ke gina jiki, Kawu. Wake, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli. Nama in an samu, in ba a samu ba hwara ma ta yi, da cuku. Hura a dama ta da nono mai kauri. Kuma ba sau uku ba, kaɗan-kaɗan duk yini, ko ba ka jin yunwa. Ka riƙa ɗan tahiya da motsa hannun, don abin da ka ci ya koma tsoka."

"Inna ta ce su ke sa ciwo ya yi ruwa."

"Ka ce mata ni na ce," in ji Manjo. "In ba ta yarda ba ta zo ta same ni. Ramukan nan biyu da suka ƙi ruhewa, ba su da abin ruhewa ne. Kuma zuwa na gaba likita zai gan ka, a duba sukari da ƙarhin jini."

Ramla tana ninke zaren awonta, fuskarta ba walwala. Manjo ya tambaye ta abin da ya faru.

"Wata uku ina tambayar mutane cin abinci suna ce mani alhamdu lillahi, ni kuma ina rubuta lahiya lau," ta ce. "Duk sai na koma na sake tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Ban san abin da zan gaya wa malaminmu ba."

Manjo ya yi dariya. "Ki gaya masa abin da kika gano ke nan. Ba a tambayar Bahaushe ko yana ci."

Rana ta take lokacin da Na'Allah ya fito. Ya yafa rawani a wuya saboda sabuwar fatar ba ta son rana, ya bi inuwar katangu. Ya wuce ta bakin tasha, ya hangi motarsa ana yi mata lodi, wani yaron ƙaninsa a mazaunin direba. Mai shayi ya ɗaga masa hannu, ya ɗaga masa. Ya yi azahar a masallacin unguwa sannan ya ƙarasa gida.

Jimrau ya riga ya iso. Yana zaune a kan tabarma a inuwar ƙofar gida, an kawo masa ruwa. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi Inna, ya ce motar Kornaka ta ƙarshe ba ta wuce la'asar. Na'Allah ya ce ya ba shi ɗan lokaci.

Rabonsa da shiga ɗakin Hamdiya tun kafin damina. Ya yi sallama a bakin labule kamar baƙo. Tana zaune a bakin gado, cikin ya fito sosai, jaka biyu a ɗaure a gabanta. Yaran suna wajen Inna. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba.

Ya tsaya a tsaye ya gaya mata. Bai iya jera maganar ba, ya fara da sikeli, ya koma kan kofin mai shayi, ya ambaci Maraya, sannan ya zo kan layi ɗaya. Ya ce tsoro ne ya sa ya bar ɗakin, don kada ya shafa mata ita da abin da ke cikinta. Ya ce ba ya ganin laifin danginta da suka ji maganar gari suka zo ɗaukarta.

Hamdiya ta ɗago ta dube shi.

"Wace maganar gari?"

"Cewa ina da sida."

"Wannan ai na ji ta tun tuni," ta ce. "Malam, duk mai ciki da ta je awo sai an gwada ta. An gwada ni har sau biyu, babu komai. Shekara nawa muke tare? Ban taɓa sa wannan a raina ba."

"To mi ya sa ba ki gaya mani ba?"

"Yaushe? Ina shigowa zaure kana juya baya. Kuma ka tambaye ni?"

Ya dubi jakunkunan. "In ba don wannan ba, don mi za ki tahi?"

Ta dafa jakar da ke gabanta. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Kai maganar maza ka ji a tasha. Ba ka ji ta mata ba. A bakin pampo cewa ake ni ke zuba maka abu a abinci. Wai shi ya sa kake ramewa, shi ya sa ka daina cin girkina, shi ya sa Inna ta karɓe tukunyarka. Ranar sunan gidan Kyauta na kai dambu, aka dawo mani da kwanon yadda na kai shi. Ni na aika wa Yaya Jimrau. Ba su suka neme ni ba."

"Inna ta faɗi haka?"

"Inna ba ta ce komai ba. Kai ma ba ka ce komai ba. Na yi wata uku ina kai maka kwano kana turo shi waje da ƙahwa. Mi kake so in ɗauka?"

Na'Allah ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango duk da ciwon. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba ko sau ɗaya. Duk tsawon watannin nan yana kwance a zaure yana ganin kare ta yake yi.

"Ki yahe mani," ya ce.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta goge ido da bakin zane.

"Mi kika dahwa yau?" ya tambaya.

"Shinkahwa da wake na yi wa Yaya. Da mai da yaji."

"Akwai ƙwai a gidan nan?"

"Zabin Inna sun yi."

"Ki soya biyu ki ɗora a kai. Ki zuba mana a kwano ɗaya ni da Jimrau. Kuma kada ki ba yara su kawo. Ke za ki kawo da hannunki, har ƙohwar gida."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta dafa gado ta miƙe, ta tsallake jakunkunan ta fita.

A tsakar gida Inna ta ga ana fasa ƙwai, ta fara magana. Na'Allah ya durƙusa a gabanta ya ce Manjo ne ya ce, kuma ya ce idan tana da ja ta je ta same shi. Inna ta ce su likitocin yanzu komai sun sani, ta ce idan ciwon ya yi ruwa kada a kira ta. Amma ba ta hana ba.

Ya fita ya ja tabarmar daga jikin bango zuwa inda duk mai wucewa zai gani, ya zauna kusa da Jimrau. Lokacin dawowar mata daga pampo ne, ga kuma masu zuwa shagon kusurwa. Hamdiya ta fito da lulluɓi, ta durƙusa da ƙyar ta ajiye kwanon a tsakaninsu, ta buɗe, ta zuba musu ruwan wanke hannu. Mata biyu da bokiti a ka suka rage tafiya suka gaishe su.

"Bismilla," in ji Na'Allah, ya sa hannu.

Jimrau ya dubi hannun, da tabon da yatsun da suka lanƙwashe. Ya ɗan jinkirta. Na'Allah ya gani, ya kai loma baki. Jimrau ya dubi ƙanwarsa da ke tsaye a bakin zaure.

"Motar fa, Hamdiya?"

"Ka ci abinci, Yaya," ta ce. "Ka gaida mutanen gida. Ka ce sai an zo suna."

Jimrau ya naɗe hannun riga ya sa hannu a kwanon.

Loma ta uku Na'Allah ya ji ya ƙoshi. Cikinsa ya saba da kunu, man ya yi masa nauyi, ƙamshin ƙwan na neman tayar masa da zuciya. Ya tsaya ya sha ruwa, ya numfasa. Matan pampo ba su yi nisa ba, ɗaya ta waiwayo. Hamdiya na nan tsaye. Ya gutsuri ƙwan ya haɗa da wake, ya kai baki, ya ci gaba da taunawa.